Wanda Ya Ari Sunan Surukinsa Ya Yabi Kansa

Laifin da wannan labari zai hukunta shi ne ƙin gyara. Akwai mutumin da in ka ce masa aikinsa ya karkace a wuri kaza, sai ya ji kamar iyayensa ka zaga. Irinsa ba ya tsayawa a fushi. Yau zai guji mai gaya masa gaskiya, gobe ya nemi mai yabonsa, in bai samu ba ya ƙirƙiro shi. Haka Dakta ya yi, kuma ku ji inda abin ya kai shi.

Dakta malami ne a jami'a, a sashen nazarin cututtukan tsirrai. Ba jahili ba ne, kada a yi masa ƙarya. Yana da ɗakin gwaje-gwaje a hawa na biyu, mai dogayen tagogi da wani tsohon firji mai gurnani, inda yake renon wata irin funfuna da ke cin ganyen tumatir. Yakan shafa ta a gilashi, ya leƙa ta da madubin likita, ya ɗauki hotonta, ya gwada mata magunguna. Hannunsa na da kyau a aikin. Haƙuri ne ba shi da shi.

A sana'arsu ba a ƙara wa mutum girma don ya daɗe, ko don ɗalibai na son sa. Sai an ga binciken da ya buga a mujallun masana. Su kuma mujallun ba sa buga abu don mai shi ya ce yana da kyau. Kana aika maƙalarka, edita zai miƙa ta ga wasu masana da ba za a gaya maka sunansu ba, su tsefe ta, su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar maka da kayanka. Su ake kira masu tantancewa. Kyauta suke yi, a bakin aikinsu, don haka ba sa sauri kuma ba sa lallashi.

Wata rana aka dawo wa Dakta da maƙalarsa, da gyara shafi uku. Ɗaya daga cikin masu tantancewar ya ce gwajin bai isa ba, a maimaita shi lokacin zafi da lokacin sanyi. Ɗayan ya ce hoton da aka sa bai nuna abin da marubucin ya ce ya nuna ba. Maimaita gwajin kuwa zai ci masa watanni, ga shi tsaransa har sun fara shiga layin zama farfesa.

Ya shigo gida yana ta tsaki. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta, tana guga a falo.

"Baban yara, lafiya kake huci kamar tukunyar da aka manta a wuta?"

"Wasu marasa aikin yi ne suka zauna suka yi wa aikina kaca-kaca. Hassada ce kawai."

"Hassada kuma? Mutanen da ba su san ko launin rigarka ba? Ka kai wa Baba mana, ka karanta masa ya ji."

"Baba? Waɗannan shafi uku suka rubuta. Baba littafi zai rubuta, har da fihirisa."

Ta yi dariya, ta ci gaba da gugarta.

Baban da ake magana shi ne mahaifin Auta, tsohon farfesa a wannan fanni, wanda ya daɗe da yin ritaya. Shi ya koyar da Dakta, shi ya duba masa digirinsa na uku, sannan ya ba shi 'yarsa. Ɗalibansa na kiransa Jan Biro a bayan idonsa, don ba a taɓa ba shi takarda ya dawo da ita fara ba. Bayan ritayarsa ciwon ido ya ci ganinsa sannu a hankali har ya ɗauke gaba ɗaya. Bai yi shela ba, ya dai daina fita taro, mutanen nesa suka ɗauka hutu yake yi. Kowane ƙarshen mako Dakta kan kai iyalinsa gidan, ya zauna a kujerar da ke gefen taga ya karanta wa tsohon sababbin mujallu, tsohon na saurare yana gyara wa marubutan da ba su san yana yi ba.

Dakta bai maimaita gwajin ba. Ya ɗauki maƙalar yadda take ya nufi wata mujalla da ita. Wannan mujallar tana da al'adar tambayar marubuci ko ya san masana a fannin da za a iya roƙa su tantance, ya kawo sunansu da adireshinsu na imel. A nan Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Ya buɗe sabon imel da sunan Farfesa, ya zaɓi kalmar sirri, ya miƙa wa mujallar. Ya ƙara da bayanin cewa Farfesa ya yi ritaya, shi ya sa adireshin ba na jami'a ba ne. Bai ce surukinsa ne ba.

Editar mujallar mace ce, wadda da littafin Farfesa ta yi karatu. Ganin sunan ya sa ta murna. Ta aika roƙo, roƙon ya faɗo cikin akwatin da Dakta ya buɗe. Ya kulle ƙofar ofis, ya zauna ya tantance kansa da kansa. Har ya sa ɗan gyara na waƙafi ɗaya, don abin ya yi kama da gaske. Aka buga. Kafin a ankara maƙala huɗu sun fito.

A ɗakin shayin malamai aka fara tsokanarsa.

"Dakta, wane ruwa kake sha ne? Mu tamu ta shekara a hannun edita, ko gaisuwa ba a amsa mana."

"Aiki in ya yi kyau ba ya kwana a hanya," in ji shi, yana juya cokali.

Abin da bai hango ba shi ne, edita in ta sami mai tantancewa da ke amsawa da wuri ba ta sakinsa. Sai ta fara turo wa Farfesa maƙalun wasu mutane. Dakta ba shi da yadda zai yi, in ya ƙi za a yi tambaya. Ya riƙa dubawa sama-sama yana mayarwa. Cikinsu har da ta wata matashiyar mai bincike, wadda ta yi aiki a kan funfunar nan tasa, ta kuma samo abin da ya saɓa wa nasa. Ita ta yi gwajin a zafi da sanyi. Ya rubuta layi biyu da sunan surukinsa, ya ce aikin bai cancanci bugawa ba. Aka mayar mata da kayanta.

Da ya miƙa takardunsa na neman zama farfesa, sai ya ga ya kamata a ji shi. Ya shirya taron ƙara wa juna sani a sashensu, kuma shi da bakinsa ya ce a gayyato editar nan ta zama babbar mai jawabi, don shugabannin jami'a su ga da wa yake hulɗa.

Ta zo, ta yi jawabi, aka tafa. A wajen cin abincin rana aka zaunar da ita tsakanin Dakta da Auta. Ana cikin hira ta ajiye cokali.

"Dakta, alfarma ɗaya nake nema kafin in koma. An ce Farfesa a garin nan yake zaune. So nake in je in gaishe shi. Ba mu da mai tantancewa kamarsa a mujallarmu."

Dakta ya yi wuf ya amsa.

"Ai... ba ya jin daɗi kwanan nan. Likita ya hana shi ganin baƙi."

"Wane likitan?" in ji Auta. Ta juya wajen baƙuwar fuskarta cike da fara'a. "Ranki ya daɗe, ai mahaifina ne! Lafiyarsa ƙalau, jiya ma sai da ya yi mini faɗa a waya. Ba abin da yake so kamar baƙon da ya san karatu. Gobe da hantsi maigidana zai kawo ki."

Editar ta dubi Dakta. "Au, surukinka ne?"

"Eh," in ji shi, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Auta ta ɗauka tsohon aiki ake nufi, na zamanin da mahaifinta ke gani. Shi kuwa Dakta ya yini yana neman mafita. Ya ce mota na ƙara, Auta ta ce a hau tata. Ya ce jirgin baƙuwar zai tashi, aka duba aka ga sai yamma. Ya yi tunanin ya je ya faɗa wa tsohon gaskiya tun kafin a iso, har ya ɗauki makullin mota, sai ya tuna da jan biro ya ajiye.

Washegari suka tarar da Farfesa a falonsa, cikin farar riga da baƙin tabarau, sandarsa jingine da gwiwa. Bangon duk littattafai ne da ya daina gani amma ya san mazaunin kowanne. Ya miƙa hannu wajen da ya ji sallama, ya ɗan kauce wa inda baƙuwar take. Ta lura. Ta dubi tabarau, ta dubi sandar, ta zauna a hankali. Auta ta kawo shayi ta ba kowa.

"Farfesa, ranka ya daɗe, da littafinka na zama mutum. Na zo godiya ne, a madadina da mujallarmu."

"Madalla, 'yata. Littafin yana da kurakurai a babi na shida, ina fata kin gan su."

Ta yi murmushin yaƙe. "Godiyar ta tantancewar da kake yi mana ce. Musamman bayaninka a kan hotunan madubi. Sai dai ban san cewa idon... yaushe abin ya faru?"

"Idon? Rabona da ganin tafin hannuna tun babbar jikata tana goye. Yanzu ita ke ja mini sanda. Wace tantancewa kike nufi?"

Ba a jin komai sai kofin Dakta da ke kaɗawa a kan faranti, ƙar-ƙar-ƙar. Tsohon ya juya kansa wajen ƙarar ya saurara.

"Maƙalu nawa na tantance muku?"

"Da dama, ranka ya daɗe. Huɗu daga ciki na Dakta ne."

"To. Bayanan da na rubuta suna tare da ke?"

"Suna cikin kwamfutata."

"Buɗe ki miƙa masa. Shi ne mai karatuna, duk mako shi ke karanta mini. Dakta, koma kujerarka ta gefen taga, haske ya fi a can. Karanta mini abin da na ce."

Auta ta miƙe za ta fita.

"Zauna, Auta. Sunan nan ke ma naki ne."

Dakta ya karɓi kwamfutar ya ɗora a cinya. Gumi ya karyo masa har yana ɗiga a kan madannan.

"Baba, don Allah..."

"Karanta."

Ya fara, murya can ƙasa. "Wannan aiki ne mai inganci ƙwarai, wanda zai buɗe sabon babi a fannin."

"Ɗaga murya. Kunnen bai mutu ba, amma ya tsufa."

"Marubucin ya nuna ƙwarewa da zurfin tunani irin wanda ba kasafai ake samu ba. Hotunan sun fito sarai, ba su bar wata shakka ba. Ban ga abin gyara ba, sai waƙafi ɗaya a shafi na biyar."

"Waƙafi," in ji tsohon. "Ni. Waƙafi ɗaya." Ya jinjina kai. "Yaro, ka zauna a gabana shekara da shekaru. Ko muryata ba ka iya sata ba. Wasiƙar neman auren Auta ma sai da na gyara maka wuri bakwai."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta rufe fuska da gefen mayafinta.

"Ci gaba. Sauran na mutane fa, me na ce musu?"

Editar ce ta amsa. "Akwai ta wata yarinya da ta yi aiki a kan irin wannan funfunar. An ce kada a buga."

"Da wane dalili?"

"Ba a kawo dalili ba. Layi biyu ne. Na yi mamaki a lokacin, amma da na ga sunanka sai na bi."

Nan ne fuskar tsohon ta sauya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, idanun nan farare suna kallon bango.

"Na kayar da ɗalibai da yawa a rayuwata. Ban taɓa kayar da mutum ban nuna masa inda zai dafa ya tashi ba. Yanzu akwai wata 'yar mutane a wani wuri da ke zaune da cewa ni na kashe mata aiki da layi biyu."

Editar ta ce bari ta ɗan sha iska, ta fita baranda ta ja ƙofa. Mace ce mai hankali. Tana fita Dakta ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama ƙafar tsohon.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ka ce mata kai kake faɗa ni ina rubutawa. Ba wanda zai musa maka. Ka dubi yaran nan, Baba. Ka dubi Auta."

Tsohon bai janye ƙafarsa ba. Har Dakta ya fara sa rai. Tsohon ya laluba ya dafa kan Dakta, kamar yadda yakan dafa kan jikokinsa.

"Na dube su. In na faɗi haka, kai ka tsira da rabin mutunci, ni na zama tsohon da ke yabon surukinsa a ɓoye yana danne 'ya'yan wasu. Wannan zan iya ɗauka, kwana nawa ya rage mini. Amma yarinyar fa? In na ce ni ne, hukuncinta ya zauna ke nan. Ba zan ce ba."

"Baba..."

"Tashi. Tashi ka buɗe maƙalarka ta farko. Tun da an ce na tantance ta, bari in tantance ta. Auta, kira baƙuwarmu, ki ɗauko biro a aljihun tebur. Kin san wanne."

Haka aka yi. Dakta ya koma kujerar gefen taga ya karanta maƙalarsa tun daga take, a gaban matarsa da editar. Tsohon na tsayar da shi, Auta na rubutawa da jan biro a bayan takardar shirin taro. A wane yanayi aka yi gwajin? Sau nawa aka maimaita? Wannan hoton da kake ta yabo, bayyana mini abin da ke cikinsa, ba abin da kake so ya kasance ba. Shayi ya huce ba wanda ya sha. Da aka kai ƙarshe tsohon ya mayar da tabaransa.

"Aikin yana da rai. Tunanin mai kyau ne, hannun ma mai kyau ne. Gwajin kawai za a maimaita a zafi da sanyi, a sake hoton nan. Da ka yi haka, kowace mujalla za ta karɓa, ba ka bukatar sunan kowa."

Abin da masu tantancewar farko suka gaya masa ke nan, babu ragi babu ƙari. Dakta ya sunkuyar da kai, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Editar ta rufe kwamfutarta. "Farfesa, ka yi haƙuri, dole in rubuta wa jami'a."

"Rubuta, 'yata, aikinki ne. Amma ki fara da yarinyar. Ki gaya mata ban taɓa jin maƙalarta ba. In ta yarda ta turo, Auta za ta karanta mini."

Auta ce ta mayar da baƙuwar masaukinta. Dakta ya taka da ƙafa har bakin titi, ya tsaya a inuwar wani kanti yana kallon motoci na wucewa, ya kasa ɗaga hannu ya tsayar da ko ɗaya.

Jami'a ta kafa kwamiti. Waɗanda suka zauna a kansa su ne mutanen ɗakin shayi, masu tambayar ruwan da yake sha. Ba wanda ya tsokane shi, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Da suka tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce babu.

Ga abin da ya rasa, a ƙirga. Maƙalunsa huɗu an janye su, kuma ba goge su aka yi ba, suna nan a shafin mujallar da tambarin janyewa a kan kowace, duk wanda ya nemi sunansa su zai fara gani. Takardun neman zama farfesa an mayar masa da su a ambulan ɗin da ya kai su, an kuma rage masa matsayi. Ɗalibansa an raba wa wasu malamai. Makullin ɗakin gwaje-gwaje ya miƙa shi da hannunsa, funfunar da ya yi shekaru yana reno ta bushe a cikin firji. Maƙalar yarinyar ta fito bayan ta sha gyara shafi biyar daga bakin Farfesa, kuma ita ake ambata yanzu in ana maganar wannan cuta. Auta ba ta bar shi ba, tana yi masa girki tana yi masa guga, amma ta daina yi masa dariya, kuma in baƙi suka kira shi Dakta sai ta tashi ta shiga ciki.

Sai kujerar gefen taga. Ba wanda ya hana shi ita. Tsohon bai zage shi ba, bai yi masa baki ba, duk mako ma sai ya tambaya ko ya zo. Yana zuwa. Yakan kawo Auta da yara har ƙofar gida, su shiga, shi ya zauna a mota ya ɗaga gilashi. Daga nan yana hango tagar, yana hango matarsa riƙe da mujalla tana karantawa, tsohon na ɗaga yatsa yana tsayar da ita.